Likitan Shanu da Motar da Ake Yi wa Allura Daga Nesa

Duk wanda ya saba bin hanyar da ta tashi daga Bukuru zuwa Vom da sassafe, tun daga ƙarshen 2023, da wuya a ce bai ci karo da wata farar mota ba wadda ke wucewa shiru kamar kyanwa, ba ƙugin inji, ba hayaƙi. Mai ita wani dattijo ne, mutumin ƙasar Zazzau, wanda aiki ya kawo shi Filato yana saurayi, ya kuwa zauna har furfura ta cim masa. Mutanen unguwa, da Birom da Hausawa da Fulani, Likita suke ce masa, ko da yake shi da bakinsa yakan ce bai taɓa zama cikakken likita ba, ma'aikacin ɗakin haɗa magani ne kurum. A aljihun gaban motar nan, inda sauran mutane ke ajiye lasin da takardar inshora, shi wani littafi yake ajiyewa mai baƙin bango, irin na rajista, wanda aka raba kowane shafinsa gida-gida da jan biro.

Vom ba baƙon suna ba ne ga mai dabba a ƙasar nan. Tun 1913 Turawan mulki suka soma aikin kula da lafiyar dabbobi a Zariya, sa'an nan a 1924 aka kafa ɗakin bincike a nan kan tudu, inda akwai sanyi, ba kuma ƙudan tsando. Abin da ya fi tayar musu da hankali a wancan zamani shi ne bushiya, cutar nan da kan share garke guda cikin 'yan kwanaki, ta bar Bafulatani da sanda kaɗai. Likita ya kama aiki a wurin a 1981. Bai yi shekara uku ba bushiya ta sake ɓarkewa a Nijeriya, a 1983, bayan an ɗauka cewa babban gangamin rigakafin da aka fara a 1962 ya gama da ita. A wannan shekara ya koyi abin da ya zame masa jiki har yau, watau rubuta lamba. Kowane rukunin kwalaben allura yana da lambarsa, da ranar da aka haɗa shi, da inda aka aika da shi, da wanda ya ɗauka a cikin ƙanƙara. In labari ya zo daga Gombe ko Yola cewa an yi wa shanu allura amma sun mutu, tambayar farko ita ce: wace lamba ce a jikin kwalbar? Da lambar nan ake gane ko laifin na magani ne, ko ƙanƙara ce ta narke a hanya, ko kuwa saniyar ta riga ta kamu kafin allura ta iso. A 2011 aka ba da sanarwar cewa an kawar da bushiya daga duniya baki ɗaya. Likita ya yi ritaya a 2016, ya ɗauka shi da rajista sun yi ban kwana.

Abin da ya haɗa shi da motar lantarki ba son gayu ba ne. Ranar 29 ga Mayu, 2023, sabon Shugaban Ƙasa Bola Tinubu ya ce tallafin man fetur ya ƙare, cikin 'yan kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da Naira 200 zuwa sama da Naira 500. Tsohuwar Fijo 504 da Likita ya riƙe shekara da shekaru, irin wadda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna tun 1975, sai ta zama kishiyar tukunyar tuwo, in an ciyar da ita gida ya kwana da yunwa. Babban ɗansa da ke aiki a Abuja shi ya kawo shawara. Ya ce, “Baba, ga allunan sola a kan rufinka suna shan rana a banza, alhali kuwa tafiyarka ba ta wuce Vom zuwa Jos ba, sai ko Zariya sau biyu a shekara.” Likita ya yi wata uku yana juya maganar. Ba yau ya fara jin labarin irin motocin ba. Ya san cewa a 2020 an nuna wata ƙirar Hyundai Kona da aka harhaɗa a Legas, ya kuma san a 2021 hukumar kula da ƙera motoci ta ƙasa, a ƙarƙashin Jelani Aliyu, ta buɗe wurin cajin mota mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Amma Sakkwato da nisa. A ƙarshe dai ya sayar da bijimai huɗu daga cikin 'yan shanun da yake kiwo a wajen wani amininsa Bafulatani, ɗan ya cika sauran, aka sayo motar, wadda wani ya riga ya yi shekara uku yana hawa a Amurka.

Ranar da ta iso, ya kai ta wurin makanikensa na Bukuru, wanda ya yi shekara ashirin yana duba masa Fijo, mutumin da in ya kasa kunne ga inji zai gaya maka fulogi na nawa ne ya mutu. Makanike ya ɗaga bonet, ya leƙa, ya daɗe bai ce kome ba. Ba kafireto, ba fulogi, ba man inji, ba salansa. Can sai ya ce, “Likita, wannan ai ba mota ka sayo ba, wayar hannu ce aka sa wa taya huɗu.”

Maganar ta yi kama da ba'a, amma ta fi kusa da gaskiya bisa ga duk abin da dillalin ya faɗa. Batirin irin wannan mota ba dunƙule guda ba ne, ɗaruruwan ƙananan batura ne aka jera a ƙarƙashin kujeru, kuma akwai kwamfuta da ke tsaye a kansu dare da rana kamar makiyayi, tana auna zafin kowane sashe, tana hana wannan ƙoshi fiye da kima, tana hana wancan ƙarewa ƙaf. Wata kwamfutar ita ke lura da birki, wata da sitiyari, wata da allon da ke gaban direba. Abin da ke gaya wa kwamfutocin nan yadda za su yi shi ne manhaja, watau jerin umarnin da injiniyoyin kamfani suka rubuta. To, umarni kuwa ana iya sake shi. Da can in kamfani ya gano kuskure, sai an kai mota garejin wakilinsa. Yanzu sababbin motoci da yawa ta iska ake aiko musu da gyaran, kamar yadda saƙo ke shigowa waya. Mutum ya kwanta da mota iri ɗaya, ya tashi da wata iri, fenti da lamba ba su sake ba amma hali ya sake.

Kamfanin Tesla na Amurka shi ya yi suna da wannan tun 2012, kuma abubuwa uku da suka faru da motocinsa sun isa su nuna girman al'amarin. A watan Satumba na 2017, sa'ad da guguwar Irma ta doshi Jihar Fulorida mutane suna gudu, kamfanin ya aika da umarni ga waɗansu motoci, nan take suka sami ƙarin tafiyar kimanin mil 30. Ashe ƙarfin yana nan cikin batirin tun farko, an dai kulle shi ne domin masu motocin mai araha suka biya. A watan Mayu na 2018 mujallar Consumer Reports ta gwada birkin wata ƙirar, ta ga a gudun mil 60 sai ta ci ƙafa 152 kafin ta tsaya. Bayan 'yan kwanaki aka aiko da gyara ta iska, tsayawar ta dawo ƙafa 133, ba wanda ya taɓa ko ƙusa ɗaya. Na ukun shi ne ɗaya gefen wuƙar. A 2019 wani sabuntawa ya rage wa waɗansu tsofaffin motocin ƙarfin batir, masu su suka kai ƙara, a 2021 kamfanin ya yarda ya biya masu motoci 1,743 Dala 625 kowannensu. Hannun da ke iya ƙara maka da dare, shi ke iya rage maka da dare. Saboda haka ne masu irin motocin nan a Turai da Amurka suka zama kamar masu duban wata, kowa na lura da lambar manhajar da ke cikin motarsa, yana tambayar ɗan'uwansa ko tasa ta iso, da abin da ta gyara, da abin da ta ɓata.

Su can suna da wakilin kamfani a bayan gida, suna da kotu, suna da jarida. Motar Likita kuwa marainiya ce. A littafin kamfanin da ya ƙera ta, har yanzu tana wani gari a Amurka. Layin wayar da aka dasa mata tun daga masana'anta bai san hanyoyin sadarwar Nijeriya ba. In kamfani ya aika da wasiƙar gargaɗi, can za ta tafi, ba Vom ba. Hanya ɗaya da ta rage ita ce a jona motar da intanet na wayar hannu, ita da kanta ta tambayo ko akwai sabon saƙo. Jikarsa 'yar makarantar sakandare ita ta koya masa wannan, ta kuwa sha dariya kafin ya iya.

Wani dare a cikin Nuwamba na 2023 saƙon farko ya fito a allo, layi biyu da Turanci, wai akwai gyare-gyare, a danna nan. Likita ya danna, ya shiga ya kwanta. Da gari ya waye ya tarar da maɓallin na'urar ɗumama mota ya bar inda yake ya koma wani lungu na allon. Wannan bai dame shi ba. Abin da ya tsinka masa zuciya shi ne lambar da ke nuna nisan tafiya. Jiya in batir ya cika takan rubuta kilomita 400, yau ta rubuta 372. Ya tsaya yana kallon allon, yana lissafin bijimai huɗu. Uwargida ta leƙo ta ce, “Malam, lafiya?” Ya ce, “An shigo mini gida da dare an yanki wani abu, ƙofa kuwa a kulle.”

A ranar ya je kasuwa ya sayo littafin nan mai baƙin bango. Ya zana gidaje: kwanan wata, lambar manhaja kafin sabuntawa, lambarta bayan sabuntawa, abin da kamfani ya ce ya gyara, abin da mai mota ya gani da idonsa, yanayin gari. Daga nan ya shiga cigiyar 'yan'uwa. Masu irin motar a Jos da kewaye ba su fi a ƙirga da yatsu ba, kuma kowa ya san na kowa, domin duk inda aka ajiye ta sai yara sun taru. Ya samo mutum huɗu. Biyu daga cikinsu motarsu ƙira ɗaya ce da tasa, dillali ɗaya ya shigo da su: wani Alhaji mai fataucin dankalin Turawa da kayan lambu zuwa Abuja, da wata Malama da ke koyarwa a wata kwaleji. Suka yanke shawarar haɗuwa kowace Asabar ta farkon wata a garejin makaniken Bukuru, a ƙarƙashin bishiyar mangwaro. Makanike ya ce shi bai ga abin da ya haɗa shi da su ba tun da ba su sayen ko man birki, amma ya fito da benci.

Ƙa'ida ɗaya Likita ya kawo musu daga tsohon aikinsa. Ba a yi wa garke duka sabon magani rana ɗaya. In saƙo ya zo, mutum ɗaya zai danna, ya zama zakaran gwajin dafi, sauran su jira mako biyu su ga abin da zai faru. Da yake shi ya riga ya danna na Nuwamba, Alhaji kuwa bai danna ba, sai ga gwaji ya haɗu da kansa.

Nan ne rajistar ta nuna amfaninta. Hunturun Filato ba wasa ba ne. A Disamba da Janairu sanyin asuba a Vom yakan sa mutum ya ga hucin bakinsa. Batir kuwa ba ya son sanyi, ga shi na'urar ɗumama mota daga jikinsa take sha. Likita ya roƙi Alhaji su riƙa bin hanya ɗaya, daga Bukuru zuwa Taminus a tsakiyar Jos da dawowa, su rubuta kashi nawa cikin ɗari na batir kowace mota ta ci. Suka yi haka sau shida. Abin mamaki, motocin biyu kusan daidai suke ci, kuma duka biyun sun fi ci da sassafe bisa ga tsakar rana. Watau sabuntawar nan ba ta taɓa batirin Likita ba ko kaɗan. Abin da ta yi shi ne ta hana allon yin ƙarya. Da can yana rubuta 400 ne don daɗin baki, yanzu yana faɗin abin da motar za ta iya a zahiri. Motar Alhaji na nan tana rubuta 400, amma ba ta fi ta Likita nisa da taki ɗaya ba. Da zafi ya shigo a Maris, cin ya ragu a duka biyun. Likita ya rubuta a gidan ƙarshe: “Ba laifin magani ba ne. Sanyi ne.” An ce ranar nan har shayi ya saya wa kowa.

Ba kullum ake kwana a gado ba. Saƙo na uku ya faɗo kan Malama, ta danna da yamma a ƙofar gidanta, allon ya nuna aiki ya kai rabi, sai ya ɗauke ɗif. Ƙofa ta ƙi buɗuwa da makulli, fitila ta ƙi kamawa. Mota ta yi kwana goma sha tara a tsaye kamar dutse, Malama tana hawan keke-napep zuwa aiki, maƙwabta suna yi mata jaje da murmushi a ɓoye. Aka yi ta waya Abuja da Legas, wani ya ce sai an biya masa kuɗin jirgi ya zo da kwamfutarsa. Makaniken Bukuru ne, wanda aka mayar ɗan kallo, ya ce a bar shi ya duba abu guda. Ashe bayan babban batirin, motar lantarki tana da ƙaramin batir mai bolt 12, irin na kowace mota, kuma shi ke riƙe da kwamfutocin yayin da suke karɓar sabon umarni. Na Malama ya tsufa, ya mutu a tsakiyar aiki. Makanike ya buɗe ƙofa da ɗan makullin ƙarfe, ya sa sabon batir, allon ya farfaɗo ya ci gaba daga inda ya tsaya. Tun daga ranar aka ƙara gida ɗaya a littafi: kafin a danna, a auna ƙaramin batir. Makanike kuwa ya daina zama a gefe, ya matso da kujerarsa cikin da'ira.

A watan Yuni na 2024 labari ya zo cewa wani kamfanin motocin lantarki na Amurka mai suna Fisker ya karye. Masu motocinsa suka wayi gari da dukiya a hannu wadda ba mai aiko mata da gyara, har sai da suka kafa ƙungiyar kansu don neman kayan gyara da hanyar ci gaba da kula da manhajar. Da aka karanta labarin a ƙarƙashin mangwaro, saurayin da ke cikinsu, mai sana'ar sola, ya ce, “Baba Likita, ai su yau suka zama marayu. Mu tun a tashar jirgin ruwa aka yaye mu.”

Babbar jarrabawa ta zo a farkon 2025. Saƙon wannan karo bai fi na baya tsawo ba: gyara a kan yadda ake kula da batir. Amma ɗan Likita ya ɗauki lambar shasin motar, mai haruffa da lambobi 17, ya bincika, ya bugo waya da dare muryarsa ba daɗi. Ya ce gyaran na tsaro ne, an sami 'yan motoci irin wannan da batirinsu ya yi zafi fiye da kima, kuma in an sa gyaran motar ba za ta ƙara cika fiye da kashi 90 cikin 100 ba. Wanda ya san tarihin abin ba zai ɗauke shi wasa ba. Motar Likita ba Hyundai ba ce, ba kuma Chevrolet ba, amma abin da ya sami waɗannan biyun sananne ne. A Oktoba na 2020 Hyundai ya yi wa motocin Kona kiranye saboda gobara, ya fara da gyaran manhaja, abin bai wadatar ba, a Fabrairu na 2021 ya ce zai sauya batiran motoci kimanin 82,000, aikin da aka ƙiyasta zai ci wajen Dala miliyan 900. A Nuwamba na 2020 kamfanin General Motors ya taƙaita cajin motocin Chevrolet Bolt zuwa kashi 90, daga baya ya shawarci masu su da su riƙa ajiye su a waje, nesa da gini, kafin a Agusta na 2021 kiranyen ya haɗa da dukkansu, fiye da 140,000. Motar Likita kuwa a rumfar da ke jikin ɗakin jikokinsa take kwana.

A taron Asabar ɗin nan aka yi musu irin wanda ba a taɓa yi ba. Alhaji ya ce shi ba zai danna ba, ko mako biyu ko shekara biyu. Hujjarsa kuwa ba ta banza ba ce. Daga Jos zuwa Abuja ta Akwanga tafiya ce ta kusan kilomita 300. A zuwa ba damuwa, domin in mota ta kama gangaren Hawan Kibo injinta yakan juye ya zama janareta, yana riƙe ta yana mayar da wuta cikin batir, har mutum ya sauka ƙasa da caji fiye da yadda ya fara gangaren. Dawowa ce matsala. Duk abin da dutse ya ba ka da safe sai ya karɓe da riba da yamma, kuma hawan yana zuwa ne a ƙarshen tafiya, sa'ad da batir ya riga ya yi ƙasa. Alhaji ya ce, “Likita, da kashi 12 nake isowa gida. In aka cire mini 10, ka gaya mini inda zan kwana. Gobarar da kake faɗi ban taɓa ganinta ba. Amma na san abin da ke samun mutumin da motarsa ta mutu a daji da dare.” Likita ya ce rigakafi ya fi magani. Alhaji ya ce, “To, mene ne a cikin rigakafin? Kai ka gani?”

Tambayar nan ce ta rufe wa Likita baki, domin ya taɓa jin ta. A 1983, da aiki ya yi yawa har aka fitar da ma'aikatan ɗakin magani zuwa daji, ya je wata ruga da ke bayan Barikin Ladi. Arɗon wurin ya fito da rabin garke, ya ɓoye rabi a kwari. Da aka matsa masa sai ya nuna kwalbar ya ce, “Yaro, mene ne a ciki?” Likita, da ƙuruciya da farar riga, ya ce magani ne, gwamnati ce ta aiko. Arɗo ya ce bara ma haka aka ce, kuma wanda ya zo ƙirga shanu don allura, wa ya san ko gobe shi zai dawo ƙirga su don jangali? Shekara arba'in Likita yana ba da labarin nan a matsayin misalin jahilci. Yau ga shi zaune a kan benci, an aiko masa da kwalba daga ƙasar da bai taɓa zuwa ba, da rubutu layi biyu a jiki, an ce ya yarda. Arɗon ma ya fi shi gata. Shi ya ga fuskar mai allurar, ya san hanyar Vom, in saniya ta mutu yana da rigar da zai riƙe. Kuma mai allurar ya san abin da ke cikin kwalbar, don a gabansa aka haɗa. Wanda ya rubuta umarnin da zai shiga motar Likita bai san akwai wani gari Vom ba, bai san Hawan Kibo ba, bai kuma yi lissafin ƙasar da wuraren caji ba su da yawa a kan hanya ba. Mai yiwuwa ne gyaran nasa daidai ne, kamar yadda allurar 1983 ta kasance daidai. Amma kasancewar abu daidai dabam, a nemi mutum ya miƙa dukiyarsa ido rufe dabam.

Bai ce wa Alhaji kome ba a kan wannan. Abin da ya ce shi ne, tun da dai dole wani ya fara, shi zai fara, tun da tafiyarsa ba nisa. Ya roƙi Alhaji abu biyu kafin nan: kada ya bar motar a jone da wuta ya kwanta barci, kuma ya daina ajiye ta a cikin gida. Alhaji ya ce na biyun ya yarda, na farkon sai ya duba.

Ranar Lahadi makanike ya zo har Vom da na'urar awo, ya duba ƙaramin batir, ya ce lafiya lau. Bayan sallar isha Likita ya fitar da motar daga rumfa, ya kai ta fili kusa da shingen kyarana, inda sadarwa ta fi ƙarfi. Jikarsa ta jona wayar, ta ajiye ta a kan kujera. Ya buɗe littafi ya rubuta tsohuwar lamba, ya yi bisimilla, ya danna. Allon ya ce minti 45, kada a taɓa kome. Uwargida ta aiko masa da bargo da kujerar roba. Ya zauna nesa kaɗan da tocila a hannu, motar tana ta ƙananan ƙararraki a cikin duhu, fitilu su kama su mutu, wani abu ya yi ƙas a ƙarƙashinta, fanka ta tashi ta tsaya. A minti na 30 kome ya ɗauke, kamar yadda ya yi wa Malama. Jikar ta ce, “Kaka, ta mutu?” Ya ce ta yi shiru. Suka ƙirga wajen minti huɗu. Sa'an nan allon ya kawo haske, da sabuwar lamba a ƙasansa.

Washegari ya sa ta a caji tun hantsi, yana zaune kusa. Da ta kai 90 ta tsaya da kanta. Ya rubuta. A ƙarshen watan ya tafi Zariya gaisuwar rasuwa, ta Saminaka da Pambeguwa, ya isa da sauran caji mai yawa. A dawowa, da hawan tudu, ya shigo Vom da magariba allon yana nuna kilomita 21. Wannan ma ya rubuta, da saurin da ya yi, da cewa bai kunna na'urar sanyaya mota ba tun daga Saminaka. Asabar ta farkon wata ya miƙa wa Alhaji littafin a buɗe. Alhaji ya sa tabarau ya daɗe yana bin layin da yatsa, ya tambayi nauyin kayan da ke cikin but a ranar, ya tambayi ko akwai iska. Malama ta ce ita ta danna nata tun ranar Laraba. Alhaji ya rufe littafin ya mayar, ya ce akwai wani otal a Akwanga da aka ce suna da babban janareta, zai tsaya ya tambaye su nawa za su karɓa in ya jona na sa'a ɗaya. Gidan da ke gaban sunansa a shafin nan Likita ya bar shi ba rubutu, ya dai sa kwanan wata da fensir.